Wa Ya Raɗa Musu Suna? Daga "Latino" Zuwa "Bazamfare"

Ga wata tambaya da za ku gwada abokanku masu son ƙwallo da ita a lokacin tara. Lionel Messi ɗan Ajantina ne, Vinicius Junior ɗan Brazil, Cristiano Ronaldo ɗan Fotugal, Lamine Yamal kuma ɗan Sifaniya. A cikin su huɗun nan, su wa ake kira Latino?

Amsar ta danganta da garin da aka yi tambayar. A titunan Amurka za a ce muku Messi ne da Vinicius, domin sun fito daga Kudancin Amurka, sauran biyun kuwa 'yan Turai ne. A ofishin ƙidayar jama'a na ƙasar Amurka za a saka Messi da Yamal a layi ɗaya saboda harshen Sifaniyanci, a bar Vinicius da Ronaldo a waje. A Italiya ko Faransa kuwa, ana iya cewa dukkansu huɗun jikokin Latin ne, har ma a ƙara da Kylian Mbappe. Kalma ɗaya, amsa uku.

Mun ɗauko wannan kalma ne daga nesa domin mu ga abin da ke gabanmu da kyau. Mu ma a nan Zamfara muna da sunaye irinta, waɗanda muke kiran kanmu da su da waɗanda muke kiran wasu. Kowannensu yana da tarihi, kuma a wannan zamani da muke ciki, yadda muke amfani da su ba ƙaramin abu ba ne.

Daga wani ɗan yanki na Italiya

Asalin kalmar sunan wani yanki ne a tsakiyar Italiya da ake kira Latium, a gefen kogin Tiber. Mutanen wurin su ne Latini, harshensu kuma Latin. Birnin Rum ɗaya ne daga cikin garuruwansu. Yankin yana nan har gobe, sai dai sunan ya koma Lazio, kuma daga nan ƙungiyar ƙwallon nan ta birnin Rum ta samo sunanta.

Da Rumawa suka yi ƙarfi suka kafa daula, sai suka baza harshensu a ƙasashen da suka ci. Bayan faɗuwar ɓangaren yamma na daular a shekarar 476, Latin ɗin da talakawa ke yi a kasuwa ya riƙa sauyawa, kowane yanki da irin nasa. A hankali ya haifi Sifaniyanci da Faransanci da Italiyanci da harshen Fotugal da na Romaniya. Ku ma kuna da rabonku a wannan gado: baƙaƙen bokon da kuke karanta wannan shafi da su na Latin ne, mun dai ƙara musu ƙugiya a ɓ da ɗ da ƙ. Haka sunan Homo sapiens da malamin Bayoloji ke rubuta muku a allo, shi ma Latin ne.

To, ta yaya sunan wani ɗan yanki a Italiya ya tsallaka teku? A shekarar 1492 Christopher Columbus ya isa tsibiran Karebiyan da jiragen Sifaniya. A 1500 mutanen Fotugal suka sauka a Brazil. Ƙasashen biyu suka mamaye yankin, suka ɗora wa mutanensa harsunansu. Amma fiye da shekara 300 babu wanda ya kira wurin Latin Amurka.

Sunan ya fito ne a ƙarni na 19. A shekarun 1830 wani masani Bafaranshe, Michel Chevalier, ya raba nahiyar gida biyu a rubuce-rubucensa: arewa ta masu Ingilishi, kudu kuma ta dangin Latin. A 1856, a birnin Paris, wasu marubuta biyu, Francisco Bilbao ɗan ƙasar Chile da José María Torres Caicedo ɗan Kolombiya, suka yi amfani da sunan Latin Amurka. Dalilinsu a fili yake. Shekaru kaɗan kafin nan, a yaƙin 1846 zuwa 1848, Amurka ta ƙwace kusan rabin ƙasar Meziko, don haka suna neman suna ɗaya da zai haɗa kan ƙasashensu. Faransa kuwa nata dalilin daban ne. Sarkinta Napoleon na Uku ya tura sojoji cikin Meziko a 1862, kuma magoya bayansa suka fake da cewa ai duk 'yan uwa ne, dangin Latin. Wasu sun riƙi sunan garkuwa, wasu sun mai da shi tsani.

Kowane harshe da tasa ma'anar

A Sifaniyanci, mutumin wannan yanki shi ne latinoamericano. Wannan doguwar kalma ce aka gutsure a Amurka ta koma Latino, mace kuma Latina, kamar yadda muke da Bahaushe da Bahaushiya. Gwamnatin ƙasar ta fara da kalmar Hispanic, wadda ta fito daga Hispania, sunan da Rumawa ke kiran Sifaniya da Fotugal, ta saka ta a takardar ƙidayar 1980. Sai a ƙidayar 2000 aka ƙara Latino a gefenta. A ƙidayar 2020 an samu mutum fiye da miliyan 62 a wannan rukuni, wato kusan kashi 19 cikin 100 na al'ummar ƙasar.

A Italiyanci, ma'anar farko ta latino ita ce tsohon harshen nan da ake koyarwa a makaranta. A Paris akwai unguwar jami'a da ake kira unguwar Latin, ba don 'yan Meziko ne ke zaune a ciki ba, sai don a da can da Latin ake karatu a wurin. Akwai kuma ƙanwar kalmar, wato ladino. Yahudawan da aka kora daga Sifaniya a 1492 sun tafi da wani nau'in Sifaniyanci da ake kira da wannan suna. A ƙasar Guatemala kuwa, ladino shi ne mai magana da Sifaniyanci wanda ba a lissafa shi cikin 'yan asalin ƙasa.

Ba kowa ne kuma sunan ya gamsar ba. Akwai miliyoyin mutane a yankin masu magana da harsunan Quechua da Maya da Guarani, waɗanda kakanninsu na nan tun kafin Turawa su zo. Akwai jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka, har da Hausawa. A jihar Bahia ta Brazil, bayi Hausawa sun shirya tawaye a 1807, kuma wasunsu sun shiga babban tawayen Musulmi da aka yi a birnin Salvador a watan Janairun 1835. Jikan irin waɗannan bayi idan ya je Amurka yau, Latino za a kira shi. Binciken cibiyar Pew ta Amurka ya nuna cewa kusan rabin waɗanda ake kira da wannan suna sun fi bayyana kansu da ƙasar da iyalinsu suka fito: ɗan Meziko, ɗan Kuba, ɗan Salvador. Sunan babbar rumfa ce, amma kowa ya san gidan ubansa.

Sarautu uku, tarihi uku

Yanzu mu dawo gida. Ku ɗauki hanyar da ta taso daga Funtuwa ta nufi Sakkwato. Za ku bi ta Tsafe, ku shiga Gusau, ku wuce Bungudu. Duk jiha ɗaya ce, duk Hausa ake yi. Amma ku saurari yadda ake kiran sarakunan garuruwan uku: 'Yandoton Tsafe, Sarkin Katsinan Gusau, Sarkin Fulanin Bungudu.

Me ya kawo Katsina cikin Gusau? Kafin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wannan yanki yana ƙarƙashin ƙasar Katsina ne. Malam Sambo Ɗan Ashafa, almajirin Shehu, shi ya kafa Gusau a zamanin jihadin, kuma sarautar garin ta riƙe sunan Katsina har yau. 'Yandoto kuwa tsohon gari ne kusa da Tsafe wanda ya yi suna wajen malamai da karatu tun kafin jihadi, shi ne sarautar Tsafe ta gaji sunansa. Ta Bungudu ma ta faɗi asalinta da bakinta. Ko sunan Tsafe sai da ya sha sauyi a hannun baƙi: Turawan mulkin mallaka da ba su da sautin "ts" a harshensu, Chafe suka riƙa rubutawa.

To wane ne Bazamfare? A da, Zamfara sunan tsohuwar masarauta ce, wadda ruwaya ta nuna ta faro daga Dutsi, daga baya ta kafa Birnin Zamfara. Gobirawa suka ci birnin a tsakiyar ƙarni na 18, suka gina Alƙalawa. Zamfarawa suka watsu, kuma har yanzu akwai sarautar Sarkin Zamfara a Anka. Akwai wata ruwayar baka da ke cewa sunan ya fito ne daga "mazan Fara", wato jama'ar wata gimbiya mai suna Fara. A wancan lokaci, idan aka ce Bazamfare, ana nufin wanda ya fito daga wannan tsatso.

Ranar 1 ga Oktoban 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta cire Jihar Zamfara daga Jihar Sakkwato, ta sa Gusau ta zama babban birni. Daga wannan rana sunan ya ƙara faɗi. Yau duk ɗan ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 14 na jihar yana iya bugun ƙirji ya ce shi Bazamfare ne, ko da kakansa Bakatsine ne, ko Bagobiri, ko Bafulatani, ko Ba'are da fatauci ya kawo. Ga tsohuwar ma'ana ta jini, ga sabuwa ta taswira, suna zaune tare. Abin da ya faru da Latino ke nan.

Haka ma "Hausa-Fulani" da kuke gani a jaridun Ingilishi. Suna ne mai amfani ga 'yan siyasa da masu rubuta labarai, kuma akwai gaskiya a cikinsa, domin auratayya da addini da zaman tare sun cuɗa mu. Amma da wuya ku ji wata tsohuwa a Kwatarkwashi ta kira kanta da shi. Ita za ta gaya muku garinsu da gidansu da sana'ar kakanninta.

Yadda wasu ke kiran mu

Fulani suna kiran kansu Fulɓe, mutum ɗaya kuma Pullo. Mu muka ce Fulani ko Filani. Mandinka na Gambiya suna cewa Fula. Faransawa sun aro daga harshen Wolof na Senegal suka ce Peul. Barebari suna cewa Felata, kuma da wannan suna ya isa Sudan sai ya buɗe, ya zamana ana kiran mutanen Afirka ta Yamma da suka zauna a can Fallata, har da Hausawa.

Bahaushe ma yana da sunaye a bakin maƙwabta. Barebari suna ce masa Afuno. Yarbawa suna cewa Gambari. A Fulatanci akwai Kaɗo, jam'insa Haɓe, wanda asalinsa ke nufin wanda ba Bafulatani ba, shi ya sa Fulanin Mali ke kiran Dogon da shi. A littattafanku na tarihi kuwa, sarakunan Haɓe su ne sarakunan Hausa na kafin jihadi. A Saudiyya akwai Takari, daga Takrur, wata tsohuwar masarauta a bakin kogin Senegal wadda Larabawa suka yafa sunanta a kan duk Afirka ta Yamma. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da kansa ya kira ƙasashenmu Takrur a cikin sunan littafinsa na tarihi, Infaƙul Maisuri. A alƙalaminsa kalmar ta ilimi ce. A bakin wasu a yau, kalmar raini ce.

Babu misalin da ya fi "aboki" kusa da mu. A Gusau, kalma ce mai daɗi, ba ka faɗa wa kowa sai wanda ka yarda da shi. A Legas ko Fatakwal, akwai masu jefa ta ga duk ɗan Arewa, mai gadi ne ko mai shayi ko likita, wani lokaci da nufin wanda bai waye ba. Haruffan ba su sauya ba. Bakin da ya faɗa da niyyar da ke bayansa su suka sauya. Duk wanda aka taɓa yi wa irin wannan kira ya san zafinsa.

Yadda muke kiran wasu

Tunda mun san zafin, ya kamata mu duba namu bakin. Wasu sunayen da muka raɗa sun karɓu. Masana tarihi da dama suna ganin sunan Yoruba ya bi ta bakin Hausawa ne, daga Yarba ko Yariba, kuma da farko mutanen masarautar Oyo kawai ake nufi. Malamin Timbuktu, Ahmad Baba, ya ambaci sunan a farkon ƙarni na 17. A ƙarni na 19, mutane irin su Samuel Ajayi Crowther, wanda ya wallafa littafin kalmomin harshen a 1843, suka taimaka sunan ya game Egba da Ijebu da Ekiti da sauransu. Yau suna alfahari da shi.

Wasu sunayen kuwa masu su ba sa so. Ana cewa "Inyamiri" ya samo asali ne daga yadda Hausawa suka ji Ibo na neman ruwan sha da harshensu. Su dai Igbo suke kiran kansu. Waɗanda muke ce wa Gwari, sunansu Gbagyi, kuma ku lura da yadda muka mai da "gwaranci" ya zama sunan gurɓatacciyar Hausa. Maƙwabtanmu na ƙasar Zuru da muke kira Dakarkari, Lelna suke kiran kansu, harshensu C'Lela. "Buzu" a asali sunan bayi da barorin Abzinawa ne, sai muka yi musu kuɗin goro, muka kira kowa da shi.

Wani zai ce ai wasa ne, mun gaji tsokana tun kaka da kakanni. Gaskiya ne akwai wasan Fulani da Barebari, da na Gobirawa da Yarbawa, da na Kanawa da Zagezagi. Amma wannan wasa yana da ƙa'ida: ɓangarorin biyu sun san da shi, kowa yana ramawa, kuma da dariya ake rabuwa. Idan mutum ɗaya ne ke dariya, ɗayan ya sunkuyar da kai, sunan abin ya tashi daga wasa.

Inda suna ke zama hukunci

Ga dalilin da ya sa wannan magana ta fi ƙarfin aji. Fiye da shekara goma ke nan jiharmu na fama da 'yan bindiga. An kashe mutane, an sace wasu, an kore shanu, ƙauyuka sun tashi, makarantu sun sha rufewa. A cikinku akwai waɗanda suka rasa iyaye ko suka baro gonakinsu suka dawo Gusau. Babu wanda zai ce wa irin waɗannan kada su ji ciwo.

Sai dai a cikin wannan ciwo, wata ɗabi'a ta shigo bakinmu. Maimakon a ce 'yan bindiga, sai a ambaci sunan ƙabila. Sai "Bafulatani" ya fara ɗaukar ma'anar ɓarawon daji a bakin wasu, "Kaɗo" kuma ya ɗauki ma'anar abokin gaba a bakin waɗansu. Sakamakon ba a ɓoye yake ba. An kashe manoma a gonakinsu saboda garin da suka fito. An kashe makiyaya a hanyar kasuwa saboda kamanninsu. A kowane ɓangare, da yawa ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Ku tuna abin da ya faru a watan Satumban 2021. 'Yan bindiga sun sace Sarkin Fulanin Bungudu a hanyar Kaduna zuwa Abuja, ya shafe makonni a hannunsu. Sunan sarautarsa bai hana su ba. Makiyayan da aka kore wa garke kaf suna nan birjik a jihar nan. Mai laifi yana da sunan yanka, yana da aikin da ya aikata, kuma da su ya kamata a kira shi. Idan aka ɗauki laifinsa aka rataya wa miliyoyin mutanen da ke zaune daga Senegal har Sudan, an zalunci marasa laifi, shi kuma an ba shi wurin ɓuya.

A Amurka ma 'yan Latino sun san wannan. Akwai iyalai a jihohin Texas da New Mexico da ke zaune a can tun kafin yankin ya zama na Amurka, amma har yau akwai masu yi musu kallon baƙin haure saboda sunansu da kamanninsu.

Hausawa sun ce suna linzami ne. Yaron da aka yi ta kira da sunan laifin da bai aikata ba, ko dai ya daina zuwa makaranta, ko ya fara ɓoye harshen gidansu, ko zuciyarsa ta bushe. Babu alheri a ko ɗaya. Ku da kuke zaune a benci ɗaya, kuke rubuta jarrabawa ɗaya, ku ne za ku riƙe jihar nan nan da shekara ashirin, kuma da kalmomin da kuka saba da su yau za ku riƙe ta.

Aikin gida

Ba mu ce ku daina kiran sunan ƙabila ba. Sunan asali abin alfahari ne, kuma babu al'ummar da ba ta da shi. Abin da muke nema shi ne ku yi wa kanku tambaya uku kafin ku kira wani da suna. Wa ya raɗa sunan? Me yake nufi a bakin mai faɗa da kunnen mai ji? Shi mai sunan, yana son a kira shi da shi? Idan ba ku san amsar ta ukun ba, hanya mafi sauƙi ita ce ku tambaye shi.

Ga kuma ɗan aiki na ƙarshen mako. Ku zauna da kakanku ko wani dattijo a unguwa, ku tambaye shi daga ina gidanku ya taso, da wane suna ake kiran danginku a da, kuma me ya kawo su inda kuke yanzu. Ku rubuta abin da ya faɗa a littafi, ranar Litinin ku gwama da na abokanku. Kada ku yi mamaki idan kuka tarar da Katsina da Gobir da Barno da ruga duk a cikin aji ɗaya, wataƙila ma a cikin gida ɗaya. Wanda ya samo labari mai daɗi ya aiko mana, za mu buga a wannan shafi.